Tanadin Abinci a Bazara: Nasiha ga Matasan Turba da Kewayenta

Bazara, wato watannin da ke tsakanin janyewar hunturu da faɗuwar ruwan farko, ita ce lokacin da abinci ya fi saurin lalacewa a arewa maso gabashin Jihar Sakkwato, kuma a cikinta ne aiki yake fara matse jama'a har su rasa sukunin daɗewa a gindin murhu. Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu zafin rana a ƙasar Isa da Sabon Birni yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyus, wasu ranakun Afrilu ma ya haura haka, dare kuma ba ya sakin zafin da wuri, alhali a daidai wannan tsakani ne manomin Turba yake sharar gona da kai taki yana jiran hadari, mai lambu a fadamun Bunsuru da Gagare da Rima yake kwashe albasa da tattasansa na ƙarshe, malamin makaranta yake fama da ɗaliban da jarrabawar fita sakandare ta tunkaro, ma'aikaciyar asibiti kuma take karɓar masu amai da gudawa. Matashin da ya fara cin gashin kansa a irin wannan yanayi, ko saurayi ne da aka turo aiki nesa da gida, ko amarya ce da ke haɗa girki da sana'a, yakan rasa tudun dafawa: ko dai ya dogara da abincin saye har albashi ya ƙare kafin wata ya raba, ko kuwa ya dafa da yawa ya ajiye, abin ya kwana ya yi yami, ya daure ya ci don gudun asara.

Shawarar da ta fi yawo a wayoyin matasa game da wannan matsala daga Turai da Amurka ta samo asali, kuma abin da take cewa shi ne mutum ya ware yini guda a ƙarshen mako ya dafa abincin kwana biyar, ya rarraba a ƙananan robobi ya jera a firji, kullum ya ɗauki ɗaya ya ɗumama. Tsarin yana da ma'ana a inda aka ƙirƙire shi, domin an kafa shi ne a kan firjin da ba ya ɗaukewa dare da rana, amma wanda ya kwaso shi ɗungurungum ya kawo ƙauyen da babu layin lantarki, ko garin da wuta ke leƙowa sa'o'i kaɗan ta koma, ya ɗauko gini ne ya baro harsashinsa. Abin ɗauka a cikinsa shi ne tunanin tara wahala wuri guda don sauran kwanakin su yi sauƙi. A ƙasar Gobir cikin bazara, aikin abinci ake gabatarwa, wato surfe da niƙa da daka da suya da shanya, a jinkirta haɗa shi da ruwa sai ranar da za a ci, domin busasshen abu yana jure mako har wata, jiƙaƙƙe kuwa sa'o'i kawai gare shi.

Dalilin haka sananne ne a ilimin kiwon lafiya. Bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani waɗanda wasunsu ke haddasa amai da gudawa, suna buƙatar danshi da abin ci da ɗumi kafin su hayayyafa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idoji biyar na tsaftar abinci da ta fitar a 2001, ta nuna cewa hayayyafar tasu tana sauri ne tsakanin digiri 5 da digiri 60, ta kuma yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a zafin ɗaki fiye da sa'a biyu. Hukumomin abinci na Amurka ma sun rage wa'adin zuwa sa'a ɗaya idan zafin wurin ya haura digiri 32, wanda a Isa cikin Afrilu tun da hantsi ake wuce shi. Idan yanayi ya yi musu daidai, wasu daga cikin ƙwayoyin nan sukan ninka yawansu kowane minti 20, ma'ana ƙwaya guda da ta sauka a kwanon shinkafa da ƙarfe 7 na safe tana iya zama fiye da 260,000 kafin a kira sallar azahar, ba tare da kamannin shinkafar ko ƙamshinta sun sauya ba. A nan ne matasa suka fi yin sakaci, domin an saba gwada abinci da hanci da harshe, alhali sau da yawa ƙwayoyin da ke sa abinci wari daban suke da waɗanda ke kwantar da mutum.

Ɗumame, wato tuwon dare da ake mayarwa wuta da safe tare da miyarsa, al'ada ce mai tushe, kuma tana da kariya muddin an tafasa miyar kafin a kwanta, an rufe ta ba a sake tsoma cokali ba, sannan da safe an bar ta ta sake tafasa, tuwon ma ya yi zafi har cikinsa. Sai dai ɗumamawa tana da iyaka. Akwai wata ƙwaya mai suna Bacillus cereus da ke zaune a ƙasa da jikin hatsi, wadda takan kulle kanta cikin wani ƙwanso mai tauri har ta tsallake tafasa, idan shinkafa ta huce ta daɗe a ajiye sai ta farfaɗo ta zuba dafin da wuta ba ta karya shi; haka nan wata ƙwayar da ke rayuwa a fatar mutum da hancinsa takan bar irin wannan dafi a abincin da aka jagwalgwala da hannu. Saboda haka shinkafa da taliya da dafaffen wake da alale, a bazara, daidai cikin da za su shiga ake dafa su. Kula, wato mazubin da ke riƙe zafin abinci, ita ma takan ruɗi mutane, domin tana da amfani idan an zuba abinci yana tururi aka ci da azahar, amma wanda ya bar shi a ciki har magariba ya ajiye shi ne a daidai ɗumin da ƙwayoyin suka fi so. Azumin 2022 da na 2023 da na 2024 duk tsakanin Maris da farkon Mayu suka faɗo, kuma hukuncin ragowar buɗa-baki da ake ajiyewa domin sahur shi ne hukuncin ɗumame.

Magabatan wannan yanki ba su san sunan bakteriya ba, amma sun san halinta, domin zamaninsu ya tilasta musu ƙwarewa a kan guzuri, wato abincin da matafiyi ke ɗauka ya ci kwanaki ba tare da ya hura wuta ba. Ƙasar da Isa da Sabon Birni suke a yau tana cikin tsakiyar tsohuwar daular Gobir, wadda babban birninta Alƙalawa ya faɗi a 1808, bayan haka kuma yankin ya shafe shekaru masu yawa yana iyaka tsakanin Daular Sakkwato da Gobirawan da suka koma Tsibiri da Katsinawan Maraɗi, ayari da mayaƙa suna ratsa shi babu tabbacin zango. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ƙetare dajin Gundumi na wannan yanki a bazarar 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Wurno da Sakkwato, sai da ayarinsa ya yi tafiyar yini da kwana ba yada zango, saboda tsoron hari da rashin ruwa a dajin. Fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro kuwa watanni suke yi a hanya. Masu irin wannan tafiya ne suka tace dabarun da har yau ake dogara da su a duk inda babu na'urar sanyi: a raba abu da ruwansa ta hanyar shanya, ko a ƙone ruwan ta hanyar suya, ko a bar shi ya yi tsami da gangan. Kilishi da ƙuli-ƙuli da kuka da tukuɗi, wato garin geron da ake kirɓawa da dabino da cuku, duk daga nan suka fito, kuma ma'aikacin da ke fita da asuba ya dawo da la'asar hukuncin matafiyi ne a kansa a sha'anin abinci, ko da bai bar garinsu ba.

Matakin farko shi ne zaɓen ranar tanadi, kuma babu dalilin da zai sa ta zama Lahadi ga kowa. Ma'aikacin gwamnati yana da Asabar da Lahadi, amma manomi da ɗan kasuwa makonsu a kan ranakun kasuwa yake juyawa, kuma ga wanda ke cin kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, safiyar Juma'a kafin masallaci ta fi dacewa, tun kayan da ya sayo ba su yi yaushi ba. Aikin wuta a yi shi bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya, a bar wa tsakar rana shanya.

Gero ne ginshiƙin abincin yankin, kuma shi ne ya fi cin lokaci, don haka a kansa ne tanadi ya fi biya. Surfe, wato raba ƙwaya da dusarta a turmi ko a inji, da bakace da wanki da shanya, duk ana iya gama su sau ɗaya domin mako guda, saboda surfaffen geron da ya bushe ƙarau yana zama lafiya a rufaffen bokiti. Niƙa ce ba a yi wa haka. Gero ya fi dawa da shinkafa maiƙo, kuma da zarar an fasa ƙwayarsa wani sinadari da ke cikinta yakan fara narkar da maiƙon, har garin ya soma ɗaci da wari cikin 'yan kwanaki, zafi kuma yana gaggauta abin. Hikima ita ce a kai niƙan gero sau biyu a mako, a bar niƙan mako guda ga dawa da masara, kuma duk garin da ya dawo daga inji da ɗuminsa a baza shi a faranti ya sha iska kafin a rufe, domin wanda aka ƙulle a leda da zafinsa gumi yake yi ya dunƙule. Tankaɗe yana ba da abu biyu, gari domin tuwo da fura da kunu, da tsaki, wato ɓarzajjen da ya rage a rariya, domin dambu da fate, kowanne a mazubinsa.

Ita fura, wadda ita ce abincin rana na gaskiya a ƙasar Gobir, tana da nata ƙa'idar. Dawo, wato curin furar da ba a dama ba, yakan yi kwana ɗaya ko biyu idan an mulmule shi da gari aka ajiye a ƙwarya aka rufe da faifai, amma a leda yini guda ma yana yi masa yawa. Abin da ake tanada na dogon lokaci shi ne kayan ƙamshinta, citta da kanunfari da masoro da barkono, a daka su tare a zuba a kwalba, ta yadda ranar kirɓi aikin bai wuce kwaɓa gari da dafawa da kirɓawa ba. Mai zuwa gona ko ofis ya tafi da dawo daban, nono daban, ya dama a can lokacin da zai sha, maimakon ya dama tun safe ya bar damammiyar fura tana kumfa a rana. Gumba kuwa, da yake ɗanyen gero ce da ba ta ga wuta ba, tsaftarta duka tana rataye ne a kan ruwan da aka wanke geron da wanda aka dama ta da shi, kuma ba ta kwana.

Tsamin nono kariya ne, domin bakteriya masu amfani da ke cikinsa suna mayar da sukarin madara wani ruwan tsami wanda masu cutarwa ba sa iya yaɗuwa a cikinsa da sauƙi. Amma tsamin bai wanke komai ba: ɗanyar madara tana iya zama ɗauke da tarin fuka na shanu, da kuma cutar nan da ke sa shanu ɓari, mutum kuma ta sa masa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, sannan ruwan da ake tsinka nono da shi ba kullum ake sanin daga inda aka ɗebo shi ba. Kindirmo, wanda ake tafasa madararsa kafin a ɗaura, ya fi aminci. Yanzu da rashin tsaro ya tarwatsa rugage da yawa har nono ya yi tsada, yana da kyau matashi ya iya ɗaura nasa: a dama garin madara da tafasasshen ruwa, a bari ya huce ya koma ɗumi, a zuba cokali biyu na nono mai kyau a rufe, cikin zafin bazara 'yan sa'o'i sun ishe shi ya kama. Haka ƙullun koko yake, tsaminsa ke riƙe shi kwanaki idan ana sauya ruwan samansa kullum, wanda kuma ya matse shi ya shanya ya mayar da shi gari ya huta da wannan ma.

Babu abin da ya kai yaji rage wa mai gaggawa wahala, ko da yake ana raina shi. Kwalba guda ta dakakken barkono da citta da ƙuli-ƙuli da gishiri da ɗan daddawa, tare da kwalbar man gyaɗar da aka soya da albasa, sun isa su mayar da duk wani abu da aka tafasa abinci cikakke, ko shinkafa da wake ce, ko dankali, ko rogo, ko taliya, ba tare da an ɗora tukunyar miya ba. Sharaɗinsa biyu ne, kada a tsoma masa jiƙaƙƙen cokali, kuma a san irin gyaɗar da ta shiga cikinsa. Gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba sukan kamu da wata fumfuna mai zubar da dafin da ake kira aflatoksin, wanda aka gano bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. An tabbatar yana jawo sankarar hanta, haɗarinsa ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma suya ba ta gamawa da shi. Maganinsa tsinta ce: duk ƙwayar da ta motse, ko ta yi baƙi ko kore, ko take ɗaci, a fitar da ita kafin a soya, kuma kada a ce za a ba kaji, tun da ƙwan kajin gida zai dawo.

Ganye a bazara wuya yake yi, ban da a bakin fadama, shi ya sa busasshen zogale da rama da tafasa da yakuwa suke da daraja. Wanda ya samu ɗanyen zogale da araha ya tsige shi ya wanke, ya shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, domin rana kai tsaye tana kashe korensa tare da wani kaso na sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Daga busasshen ganye zuwa kwaɗo tafiyar 'yan mintoci ce: a tafasa, a matse, a zuba garin ƙuli-ƙuli da yaji da albasa da mai. Idan aka haɗa shi da tsakin da aka tanada aka turara, ya zama dambu, wanda yake da sauƙin ɗauka zuwa gona domin ba shi da romo, ko da yake shi ma ba ya wuce yininsa. Miya ma haka ake gabatar da aikinta. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, ta kalwa ko ta batso wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, dama a bushe suke zuwa, sai a daka a tankaɗe. Tumatir da tattasai kuwa, da yake ƙarshen noman rani ne suke araha kafin su yi tashin gwauron zabo da damina, wannan ne lokacin yanka su a shanya a kan tabarma mai tsabta, sama da ƙasa, nesa da bakin titi da awaki, su zama kauɗa. Mai son jar miya yana iya soya markaɗensa har ruwan ya ƙone mai ya taso sama, ya riƙa ɗiba da busasshen cokali yana mayar da sauran wuta safe da yamma, amma kada ya ja shi fiye da kwana biyu ko uku.

Wake ne naman mai ƙaramin ƙarfi, matsalarsa ɗaya ce, cin itace. Garin ɗanwake, wato wake da rogo ko dawa da aka niƙa tare aka zuba kuka, yana warware wannan, domin yana ajiyuwa makonni, kuma daga kwaɓi zuwa tsamewa bai kai lokacin da tuwo ke ɗauka ba. Mai dafa garau-garau ya tsince wakensa tun ranar tanadi, ya jiƙa na gobe da dare, da safe ya zubar da ruwan ya ɗora, zai ga ya nuna da wuri ba sai ya cika masa kanwa ba. Kanwa tana laushe wake, amma yawanta yana lalata bitamin B1, kuma binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan shan kunun kanwa, tare da gashin jego, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Wajen ajiyar waken kansa ne ake yin ganganci mafi muni, wato zuba masa maganin ƙwari, abin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙira aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, yana kashe ƙwarin ne ta hanyar hana su iska, kuma busasshiyar jarka mai tsabta da aka cika maƙil aka ɗaure murfinta tana yin wannan aikin ga mai tiya biyar ko goma. Nama da kifi ba su buƙatar dogon bayani, domin duk wanda ya ga yadda ake suyar layya har ta bushe ta yi makonni ya san hanyar. Dambun nama da banda ma haka, muddin ba a rufe su da ɗumi ba.

Ga kayan da dole sai ɗanye ake son su, akwai dabarar da wani ɗan Nijeriya ya yaɗa har duniya ta san shi da ita. Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya rarraba wa ƙauyuka tukunya cikin tukunya a shekarun 1990, aikin da ya samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa mai iska. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, sai ya tafi da zafin cikin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Rahotannin aikin nasa sun nuna tumatir da tattasai suna kai mako uku a ciki. Amma ya kamata a san iyakarta, domin sanyinta ba ya sauka zuwa digiri 5, saboda haka gidan tumatir da yalo da ganye ce, ba a ajiye dafaffen nama ko shinkafa a ciki.

Tun da tsarin duka ya ginu ne a kan ƙara ruwa a ƙarshe, ruwan shi ne ƙofar da cuta ta fi shigowa. A 2021 Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya ta ƙididdige fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Sakkwato da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya shafa. Ruwan dama fura da jiƙa garin kwaki da haɗa zoɓo ya zama tafasasshe ko wanda aka sa wa maganin kulorin, randa ta kasance da murfi da moɗa guda mai mariƙi wadda ba a kai ta baki, ƙanƙarar saye kuwa a ɗora ta a jikin mazubi maimakon a jefa ta ciki. Zoɓo da jiƙon tsamiya na yini guda ake haɗawa. Kowane ɗaki kuma ya kamata a san haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Akwai samarin da ke ganin duk wannan aikin mata ne, ra'ayin da ba ya jure bincike, domin kilishi da suya da tuƙin tuwon kasuwa a zango maza suka daɗe suna yi, kuma almajirin da ya yi ƙaura da farken da ya je Gwanja babu wanda ya tafi da mai dafa masa. Saurayin da ya iya dakan yaji da kwaɓa ɗanwake ya rage dogaro da mai abincin bakin tasha, magidancin da ya ɗauke wa iyalinsa kai niƙa da sayo gawayi da ɗebo ruwa a ranar tanadi kuwa shi ma zai ci ribar a sauran kwanakin, kuma 'yan matan gidan za su samu zuwa makaranta a kan lokaci. Halin da yankin ke ciki ya ƙara wa batun nauyi. Hare-haren 'yan bindiga sun mayar da shiga daji neman itace kasada, don haka duk girkin da ya rage cin wuta ya rage fita. A Satumbar 2021 gwamnatin Zamfara ta dakatar da kasuwannin mako, daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 kuma iyakar Nijar tana rufe, kuma a irin waɗannan lokuta gidan da ke da busassun kaya a ɗaki ya fi samun sararin jira har hanya ta buɗe.

Da zarar ruwa ya sauka a watan Yuni lissafin yakan sauya, a daidai lokacin da shuka da noman fari suke hana kowa zama. Iska tana ɗaukar laima, shanya ba ta bushewa da wuri, tukunya cikin tukunya tana rage sanyi, gari da yaji da kauɗa kuma suna tsotsar danshi su yi fumfuna. Saboda haka manyan shanye-shanye a gama su tun cikin Afrilu da Mayu, a zuba a jarkoki da kwalabe masu murfi, a ɗaga su daga ƙasa, a kuma rage yawan garin da ake niƙowa a lokaci guda. Abincin da aka yi shakkarsa a zubar da shi, kada a ba yara. Idan kuma gudawa ta kama yaro ko tsoho ko mai ciki, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a kama hanyar asibiti mafi kusa tun rana ba ta faɗi ba.